Sunan da Inna Ta Ɓoye

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi ne masanin abin da ƙirji ya rufe da abin da harshe ya saki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta.

'Ya'yana, na daɗe ina kewaye wannan babin kamar yadda manomi ke kewaye kututture a tsakiyar gona. Na ba ku labarin kiwo da na karatu, na ba ku na zamana da mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta. Yanzu ba sauran inda zan bi sai ta kansa. Na san abin da ake faɗi a gari. Wasu sun ce tsufa ya taɓa Malam Ilyasu, yana tafe a kan titi yana amsa kiran da ba wanda ya yi masa. Wasu sun ce arziki ya zo har ƙofar gidana na kore shi saboda taurin kai. Ku ma kun ji, kun yi shiru don ladabi. To ku zauna ku ji yadda abin ya kasance, in ya so kowa ya yanke hukuncinsa bayan ba raina.

Ni ne ɗan farin Inna. A gidanmu na Roni, inda jinin Fulani ya yi yawa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Wannan ita ce kunya, kuma Inna ta riƙe ta fiye da kowace mace a unguwarmu. Kakata ce ta raine ni. Kafin a haifi ƙanwata Rabi, Inna takan ce da ni "yaron nan." Da aka haifi Rabi sai na zama "yayan Rabi," kuma a haka na tsaya har na yi gemu. Kakata takan ce ba ƙi ba ne, ɓoyo ne, wai abin da ba a ambaton sunansa mutuwa ba ta saurin gane shi. Na yarda da ita, don kowa ya san al'adar. Amma sanin abu daban, zuciya daban. Ina jin Inna tana kiran Rabi da baki cike, tana ja mata suna kamar waƙa, ni kuwa sai dai a miƙo mini tuwo ta hannun wani.

Da na zama saurayi na shiga rakiyar shanu zuwa kudu a manyan motoci. A wata tafiya zazzaɓi ya kayar da ni a hanya, aka sauke ni a wani zango wurin wani mahauci mutumin kirki, mota ta wuce. Abokin tafiyata, wani mutumin Gwiwa, ya ari rigata mai kauri saboda sanyin saman mota. Motar nan ba ta kai ba, ta faɗa wani kogi daga kan gada. Da aka tsamo mutane aka ga rigata, wani ɗan garinmu ya shaida ta, aka binne mai ita a matsayina. A wancan zamanin ba waya. Ni ina can kwance ban san inda kaina yake ba har damina ta wuce, a gida kuwa an yi zaman makokina, an yi sadaka, an raba 'yan kayana.

Na shigo Roni lokacin kaka, da rana tsaka, a rame kamar kara. Mace ta farko da ta gan ni ta saki tulunta ta ruga. Yara suka watse. Baba ya fito daga zaure, ya tsaya daga nesa yana karanta abin da ya sawwaƙa, sa'an nan ya matso ya kama wuyan hannuna ya matsa, ya ji jijiya tana bugawa, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rawaninsa. Na shiga cikin gida na tarar da Inna durƙushe a gaban dutsen niƙa. Ta ɗago, ba ta dubi fuskata ba, ƙafafuna ta duba, ta daɗe tana dubansu. Sa'an nan ta ce,

"Rabi, ba yayanki ruwa."

Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Ke nan. Abin da na samu ke nan daga bakin uwata ranar da na dawo daga lahira. Na ɗauki maganar nan na ajiye a raina, na yi aure da ita, na haife ku da ita, na sa Inna a kabari da ita. Har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinta ba.

Sai shekarar da gwiwa ta hana ni zuwa gona, muna zaune a Kazaure. Ranar kasuwa ce, bazara, zafin nan da duwatsu ke mayarwa kan mutane har ƙadangare ya nemi inuwa. Na sayo goro ina komawa gida kafin azahar. Na bar hayaniya a baya, na shiga layin da ba kowa, ƙofofi duk a rufe. Sai na ji an ce,

"Ilyasu."

Muryar mace ce, ba ta da ƙarfi, a bayana. Tsigar jikina ta tashi tun kafin hankalina ya gane dalili. Na san muryar, na san ta kamar yadda na san tafin hannuna, amma ban taɓa jin ta ɗauke da wannan kalmar ba. Kakata ta hore mu tun muna ƙanana cewa in aka kira ka da rana tsaka kada ka amsa sai ka ga mai kiran. Na cije bakina, na yi ta'awwuzi, na ci gaba da tafiya. Aka sake kira, wannan karon da ɗan ja a ƙarshe. Ƙullin goro ya kuɓuce mini. Na juya. Ba kowa a layin sai wata a-daidaita-sahu a gindin darbejiya, direbanta ya miƙe ƙafa yana barci, wayarsa a kan ƙirjinsa. Daga wayar ne. Akwai kiɗa irin na zamani a ƙarƙashi, da wani sauti mai zuwa yana komawa wanda ban gane ba sai daga baya, gogar dutsen niƙa ce. A kan wannan duka muryar Inna ta ce a karo na uku, "Ilyasu na."

Ban san na isa kan mutumin ba sai da ya farka ya gan ni tsaye a kansa.

"Subhanallahi! Baba, lafiya? Ina za a kai ka?"

"Wace ce wannan?"

"Wannan? Ai waƙar Tsohuwa ce. Kai kaɗai ka rage ba ka san ta ba. Yanzu in ba a sa ta a biki ba amarya ba ta fitowa."

"A ina ka saya?"

Ya yi dariya har ya tashi zaune. "Saya? Baba, ai an bar sayen waƙa tun zamanin kaset. In kana da data ka taɓa waya, ta zo. In ba ka da ita ka je wurin masu turawa a bakin kasuwa su sa maka a memori."

"To in ba ka saya ba, ta wane ne?"

"Ta kowa ce, kamar rana. Kai dai Allah Ya sa wannan Ilyasun ya amsa mata, ta ishe mu da kira."

Na koma gida na kwanta da zazzaɓi. Da yamma 'yata Bilkisu, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ta zo gaishe ni, na gaya mata. Ta taɓa wayarta sau biyu, sai ga muryar a cikin ɗakina. Na ce ta kashe. Ta kashe. Sai na ce ta sake kunnawa. A ranar na ji baitin duka:

Gero ya nuna, mai ci bai zo ba,
Hanyar kudu ta ci ba ta ƙoshi ba,
Na ɓoye suna, ƙasa ta gane,
Ilyasu, Ilyasu, Ilyasu na.

Ba a buƙatar malami ya fassara wannan. Makokina ne. Waƙar mutuwata ce ake takawa a gidajen biki.

Washegari Bilkisu ta ɗauko mota muka tafi Roni wurin Rabi, don ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga wancan zamani. Mun same ta tana ɓarar gyaɗa. Bilkisu ta kunna mata. Tun a gogar dutsen farko Rabi ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

"Kashe! Kashe, 'yar nan! Innalillahi. Ashe ba ta ƙone ba."

"Mece ce ba ta ƙone ba?" na tambaye ta.

"Yaya, Baba ya sa mun yi rantsuwa."

"Wanda ya sa ku rantsuwar ya tafi, wadda aka yi dominta ta tafi, waƙar kuwa ga ta a bakin titi. Faɗi."

Ga abin da Rabi ta faɗa. Bayan an share makokina Inna ta daina magana da kowa. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ɗan fari ba a yi masa. Amma kullum da rana tsaka, in gida ya yi barci, sai ta ɗebi gero ta durƙusa a gaban dutse, ko da akwai gari a ƙwarya, tana niƙa tana wannan waƙar a hankali. Tunda a saninta na mutu, ba sauran wanda za a ɓoye wa sunan. Maƙwabcinmu Tanko, mai sayar da kaset a kasuwanni, yana ji ta kan katanga. Ya ba matarsa rakoda, ta shigo da sunan aron faifai, ta ajiye ta a gefe a ƙarƙashin zane. Bayan kwanaki ya zo wurin Baba da turmin atamfa da goro, ya ce tukuicin muryar Inna ne. Baba yana cikin ɗimuwa, ya gyaɗa kai bai fahimci abin da aka saya ba. Kafin a farga kaset ya shiga kasuwa.

"Da ka dawo," in ji Rabi, "Baba ya sayar da ɗan bijimin nan mai tozo. Ya bi kasuwar Roni, ya bi Kazaure, ya je Babura, ya je Kanya Babba. Duk inda ya ji akwai kaset ɗin sai ya saya, har gida-gida yake bi yana ninka wa mutane kuɗinsu. Ya tara su a bayan rumbu ya cinna musu wuta. Ya ce ba a barin makokin mai rai yana yawo a duniya. Ya ce kuma abin da matarsa ta buɗe tsakaninta da Ubangijinta ba na kasuwa ba ne. Sai 'yan kaɗan da fatake suka saya da sefa suka ƙetare iyaka da su, waɗannan bai same su ba."

"Atamfar fa, Goggo?" Bilkisu ta tambaya.

Rabi ta dube ta. "Ba ta taɓa ɗinkawa ba. Ita ce ta saman lefen uwarki."

Na tuna atamfar nan, shuɗiya mai zanen ganye. Mahaifiyarku ta goya ku da ita ɗaya bayan ɗaya har ta mutu ta zama tsumma.

Bilkisu ba ta zauna ba sai da ta nemo wanda ya ɗora waƙar. Sunansa Nura, mutumin Babura, magidanci ne mai sana'ar haɗa kiɗa a sitidiyo. Na zaci zai ɓuya, sai ga shi ya zo da ƙafarsa har zaurena, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa. Na sa aka ɗauko Rabi don a yi a gabanta. Ya ce a hayin iyaka ya sayi buhun tsofaffin kaset wurin wani dattijo da ya bar sana'ar, a ciki ya tsinci wannan, ba suna ba komai a jikinsa. Ya yi cigiya bai sami wanda ya san mai muryar ba, sai ya yi mata kiɗa ya sake ta.

"Wallahi, Baba, ni na zaci waƙar soyayya ce. Na ce wannan tsohuwa ba ta da kunya, ga ta tana kiran saurayinta da suna."

"To ga saurayin nan zaune a gabanka," in ji Rabi. "Ka gaishe shi da kyau, ya sha hanya."

Da aka bayyana masa sai idonsa ya kawo ruwa. Sa'an nan ya yi mana bayanin yadda sana'arsu take a yanzu, kuma na yaba masa, bai ɓoye komai ba. Ya ce a da mawaƙi yakan sayar da waƙarsa sau ɗaya, a biya shi, a rabu, ko an sayar da kaset dubu ko an sayar da ɗaya. Yanzu kuwa ba mai saye. Waƙa tana zaune a wurin wasu kamfanoni na nesa, duk wanda ya saurara ta wurinsu sai a ɗiga wa mai waƙar wani abu, ɗan mitsitsi, kamar ɗigon indararo bayan ruwa ya ɗauke. Kamfanin ya cire nasa, dillalin da ya kai waƙar can ya cire nasa, abin da ya rage ya iso. Masu turawa a memori kuwa ba sa ba kowa komai. Yawancin waƙoƙinsa, in ji shi, ɗigonsu bai jiƙa ƙasan ƙwarya ba. Wannan kaɗai ce ta cika tulu. Ya ce a shirye yake ya sa sunan Inna a kai, a riƙa ba magadanta rabonta muddin ana sauraro.

"Haƙƙinta ne, Baba," in ji Bilkisu. "Ita ta yi waƙar, wasu suna ci. Ba don mu ba. A tara a haƙa rijiya a Roni da sunanta, duk wanda ya sha lada ya kai mata kabari."

"Rijiya da kuɗin rawa?" in ji Rabi. "Kuma a rubuta sunanta kowane ɗan acaba ya karanta? Matar da ta ɓoye suna ɗaya tsawon ranta, ku kuma ku ɗauki nata ku kai kasuwa?"

"Goggo, ai ta riga ta shiga kasuwar. Ko mun karɓa ko ba mu karɓa ba ana ji."

"Ke yarinya ce. Mamaciya tana kiran ubanki safe da yamma, ke kina lissafin rijiya."

Suka juyo gare ni, na ce a ba ni lokaci. Gaskiyar da ban faɗa musu ba ita ce ba rijiyar ce ke riƙe ni ba, ba kuma tsoron da Rabi ke ji ba. Ina son kiran. Mutumin da ya yi rayuwa yana jiran kalma ɗaya, sai ga ta tana zuwa masa daga kowace kusurwa, daga shagon tela, daga teburin mai shayi, daga aljihun mai tallan rake, yaya zai ce a rufe bakin? Na shiga fita da rana tsaka ba tare da wata buƙata ba. In zauna a gindin bishiya a bakin titi ina jira wani ya wuce da ita. In ta zo, in riƙe numfashi har a kai sunan, in cije bakina kada in amsa. Abinci ya fita raina. Karatun da nake yi bayan azahar ya koma bayan la'asar, daga nan ya koma gobe. Mutanen gida suna cewa na rame, ni ban gani ba.

Wata rana wani mai kura, mai tura ruwa, ya wuce da ita a wayarsa. Na tashi na bi shi. Ba ni da niyyar zuwa ko'ina, so nake kawai in kai ƙarshen baitin. Ta ƙare ta sake farawa, na ci gaba da bi. Gwiwar da ke hana ni zuwa masallaci ba sanda, ranar ban ji ta ba. Muka bar gidaje, muka bi ta gefen duwatsu, rana tana dukan ƙeyata, ba tsuntsu ba iska, daga ƙarar jarkoki sai muryar Inna a gaba tana ja na. Sai mutumin ya tsaya ya kashe waya, ya juyo ya gan ni.

"Malam, kai ma gaisuwa ka zo? Ai ba a kawo gawar ba tukuna, ruwan kwaɓa ƙasa ne na kawo."

Na duba. A ƙofar maƙabarta muke.

Na zauna a kan wani dutse. Ban ce muku Inna ce ta kai ni can ba. Mamaci yana barzahu, ba ya shiga waya, kuma ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma na gane abin da Baba ya gani har ya sayar da bijiminsa. Waƙar nan an yi ta ne don gawa, kuma tun ranar da aka yi ta take jiran ta zama gaskiya. Mai rai ba ya zama kusa da irin wannan ya zauna lafiya.

Na yi istihara, na aika aka kira Nura da Bilkisu. Na ce a sauke waƙar daga duk inda ya ɗora ta, kada a sa sunan Inna a ko'ina, kuma ba ma karɓar komai. Abin da ya riga ya ci na yafe masa, don bai sani ba. Bilkisu ta tashi ta fita. Nura ya ce,

"Baba, waƙar nan ce ta fito da sunana. Amma uwarka ce, zan sauke. Sai dai ka sani, inda na ɗora kaɗai nake da iko da shi. Wadda ke cikin wayoyin mutane ko sarki bai isa ya tattaro ta ba. Zamanin da mahaifinka ya bi kasuwa ya saye ya wuce. Abin da ba a saya ba, ba a iya saye shi a ƙone."

"Na ji. Kaset ɗin na asali yana nan?"

"Yana nan. Gobe zan kawo maka, kyauta."

"A'a, sayar mini za ka yi."

"Haba Baba, in sayar maka da muryar mahaifiyarka?"

"Abin da aka ba ka kyauta, wata rana a zo a ce ka ara. Abin da ka saya naka ne, ka ajiye ko ka ƙone ba mai tambayarka. Yi mini kuɗi."

Ya faɗi abin da bai wuce kuɗin goro ba, na biya a gaban shaidu. Da zai miƙo mini sai ya ce akwai wani wuri a ciki da ya yanke lokacin da yake haɗa kiɗa, wai shiru ne mai tsawo, kiɗan rawa kuwa ba ya son shiru.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Bilkisu ba ta sake zama ta yi hira da ni ba sai bayan babbar salla, gaisuwa kawai daga bakin ƙofa. Rijiyar ba a haƙa ba, har yau matan unguwarmu ta Roni suna zuwa nesa ɗiban ruwa, kuma duk sa'ad da na gan su da jarka a ka sai in tambayi kaina ko 'yata ce ta fi ni gaskiya. Nura ma sunansa ya kwanta, na ji ya koma ɗaukar hoton biki. Ban rubuta wannan don in ce na yi daidai ba. Na zaɓi in rufa wa uwata asirin da ta rufa wa kanta, Allah Ya san sauran.

Samun rakoda mai aiki ya fi samun kaset ɗin wuya. Da na samu, wurin wani mai gyaran rediyo, na tafi Roni ni kaɗai. Na zaɓi rana tsaka, lokacinta. Ɗakin Inna ya rushe, amma dutsen niƙan yana nan a gindin katanga, kaji suna shan ruwa a cikinsa. Rabi ta ce ita ba za ta shiga wannan ba, ta ɗauki tabarmarta ta koma zaure. Na zauna a ƙasa kusa da dutsen, na yi bismilla, na danna.

Ba kiɗa. Sai huci irin na tsohon kaset, da kukan kurciya daga nesa, da dutse yana zuwa yana komawa. Ina jin numfashinta a tsakanin gogar. Muryar ta fi ta cikin waya ƙanƙanta, muryar mace ce ita kaɗai a tsakar gida tana zaton ba mai ji. Ta yi baitin gero, ta yi na hanyar kudu. Ta kira sau ɗaya. Ta kira sau biyu. Ta ce, "Ilyasu na." Sai dutsen ya tsaya.

Wannan ne shirun da Nura ya yanke. Ba shirun gajiya ba ne. Duk wanda ya taɓa kiran yaro daga cikin gida ya kasa kunne ya san irinsa. Kurciyar ma ta yi shiru. Kaset yana juyawa, ita tana jira, tana jira, a wancan zamanin da a wannan. Na tuna horon kakata, kada ka amsa sai ka ga mai kira. Na dubi dutsen, na dubi gurbin da gwiwoyinta suka saba zama. Na ce,

"Na'am, Inna."

Daga cikin rakodar, a hankali, kamar yadda takan ce wa Rabi in ta dawo daga aike, ta ce,

"To."

Dutsen ya ci gaba. Ba ta sake waƙa ba har kaset ya ƙare, maɓallin ya ɗaga da kansa.

Da na fito na gaya wa Rabi. Ta ce matar Tanko ce ta yi mata magana daga gefe, wataƙila sallama ta yi za ta tafi, shi ne ta amsa mata. Mai yiwuwa haka ne, kuma shi ne abin da hankali zai ɗauka. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, in mayar da kaset baya in sake kunnawa in yi shiru, in ji ko za ta ce "to" ba tare da an amsa ba. Ban yi ba, kuma ba zan yi ba. Daga ranar abinci ya dawo mini, na koma kan karatuna, na daina zaman bakin titi.

Kaset ɗin yana cikin adakata, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ga wasiyyata a kansa. Ranar da waƙar ta zama gaskiya, bayan kun dawo daga kai ni, ku fitar da shi bayan gida ku ƙone kamar yadda kakanku ya yi. Kada wanda ya kunna, ko don ya gwada. Na saya da kuɗina, nawa ne, haka nake so a yi da shi.

Waƙar kuwa, kamar yadda Nura ya faɗa, ba ta mutu duka ba. Yayinta ya wuce, amma lokaci-lokaci sai wata a-daidaita ta gifta da ita, ko ta fito daga shagon wani da bai share memorinsa ba. Ba na bin ta yanzu, ba na kuma cije baki. In na ji, nakan tsaya inda nake, in ce na'am a hankali, in yi mata addu'a, in wuce. Wannan ne abin da mutane suke gani suke cewa tsufa. Ku kada ku ji kunya in an faɗa a gabanku, kada kuma ku yi musu da kowa. Ku ce ubanku ɗan fari ne, uwarsa ce ta kira shi, ya amsa.